Sugan safe ya hau alhali ba a ci komai ba: ina hannun hanta a ciki?

Sista Rahila: Barkanmu da yamma 'yan uwa. Tambaya ce da masu ciwon suga ke yawan yi, ina so mu daidaita amsa ɗaya da za mu riƙa ba su. Mutum ya ci tuwon dare da ƙarfe 8, ya auna kafin ya kwanta ya ga 7.5 mmol/L (ma'aunin sugan jini), da asuba bai sa komai a baki ba ya ga 9. Daga ina sugan ya fito? Wasu har suna cewa injin ne ya lalace.

Malam Nasiru: Barka kadai Sista. Injin lafiyarsa lau, daga hanta sugan ya fito. Mutum mai kilo 70 da ya kwana bai ci ba, hantarsa na zuba wa jini kimanin miligiram 2 na gulukos (sugan jini) a kowane kilo cikin kowane minti, wato wajen giram 8 a awa. Dole ta yi hakan, don ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan giram 120 a yini, kuma ba ta barci da cin nata.

Ku ɗauki hanta a matsayin rumbu mai ƙofar shiga da ƙofar fita, kowacce da mai tsaronta. Mai tsaron ƙofar shiga shi ne wani enzayim, wato furotin mai gaggauta aikin sinadarai a jiki, da ake kira gulukokinas. Gulukos na shiga ƙwayar hanta yana fita ba tare da neman izinin insulin, sinadarin da ke sauke suga, ba, ta wata kafa mai suna GLUT2. Abin da ke tsare shi a ciki shi ne gulukokinas ya liƙa masa fosfet, ya zama gulukos-6-fosfet. Da zarar an liƙa, ba ya iya bin kafar ya koma jini, sai dai a ɗaure shi cikin ajiyar gilaikojin, wato dunƙulen suga da jiki ke adanawa, ko a ƙone shi, ko a mai da shi kitse. Mai tsaron ƙofar fita kuwa shi ne gulukos-6-fosfatas, wanda ke cire wannan fosfet ɗin ya saki sugan. Tsoka ba ta da shi, shi ya sa duk gilaikojin da ke cinya da damtse ba ya fitowa kai tsaye ya ceci mutumin da sugansa ya faɗi. Hanta da ƙoda ne ke da shi sosai.

A ciwon suga nau'i na 2, hanta ta daina jin maganar insulin yadda ya kamata. Aikin gulukokinas ya ragu, na mai sakin suga ya ƙaru. Ga kuma sinadaran jiki irin su kotisol da ke tashi gab da asuba suna ƙara ingiza hanta ta saki suga. Amsar tambayarki ke nan.

Sista Rahila: Na gode Malam. To wannan gulukokinas ɗin yana cikin gwajin hanta da ake rubutawa, wanda ake ganin ALT da AST?

Malam Iliya: A'a Sista, ko kusa. ALT da AST suna zubowa cikin jini ne idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni, alamar ɓarna ce muke aunawa. Gulukokinas yana can cikin ƙwayar, ba ma auna shi a jini. Mutum na iya samun ALT mai kyau tas alhali hantarsa na ambaliyar suga duk dare.

Malam Nasiru: Haka ne. Bari in ɗan tsaya kan abin da ya bambanta shi, don a nan hikimar take. Sauran sassan jiki suna da ɗan uwansa, hekzokinas, wanda ke kai rabin ƙarfin aikinsa tun suga na ƙasa da 0.1 mmol/L. Ma'ana kullum a ƙoshe yake, ko suga ya hau ko ya sauka gudunsa ɗaya, kuma abin da ya samar ne ke taka masa birki idan ya taru. Gulukokinas sai suga ya kai wajen 8 mmol/L kafin ya kai rabin ƙarfinsa, kuma gulukos-6-fosfet ba ya tsayar da shi. Ku duba inda 8 ta faɗo: daidai tsakanin sugan mai azumi da sugan wanda ya gama cin tuwon shinkafa. Saboda haka idan suga na 4 ko 5, a hankali yake aiki, ba ya ƙwace wa ƙwaƙwalwa abincinta. Idan abinci ya sauko daga hanji, sai ya zabura. Da wannan ne hanta ke kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na gulukos ɗin da aka ci kafin ya gama zagaya jiki.

Akwai kuma wani furotin da ke riƙe shi. Lokacin yunwa yakan kama gulukokinas ya kulle shi a cibiyar ƙwayar hanta, idan suga ya hau ya sake shi cikin mintuna. Emile Van Schaftingen ne ya gano wannan furotin a Beljiyam a 1989. Insulin kuma shi ke umartar hanta ta ƙera sabon gulukokinas, wannan kan ɗauki awanni. Shi ya sa mai nau'i na 1 da ba ya samun allurarsa, hantarsa kusan ba ta iya ajiya.

Hajiya Maryam: Malam, a nan nake so ka yi taka-tsantsan da bayani, don na san inda za a kai maganar. An san ɗan fruktos kaɗan, wato sugan da ke cikin zuma da 'ya'yan itace, yana taimakawa wajen sakin gulukokinas daga wancan furotin. Kada wani ya ji haka ya ce zuma da lemun kwalba magani ne.

Malam Nasiru: Gaskiyarki Hajiya. Giram kaɗan ake nufi, irin wanda ke cikin 'ya'yan itace guda. Fruktos mai yawa yana bin wata hanya da ba ta da birki a hanta, ƙarshensa kitse.

Hajiya Maryam: Madalla. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da kusan giram 50 na sukari, kusan rabinsa fruktos. A haɗa da kunun zaƙi ko zoɓo da aka zuba wa sukari da ludayi, a sha a tashi ɗaya lokacin buɗa baki, hanta ba ta da yadda za ta yi da shi sai ta tara. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi sallar magariba, sannan a ci abinci mai ganye da wake, ya fi wa mai suga.

Dakta Bilkisu: Tunda an buɗe maganar, bari in kawo ɓangaren da ya fi damuna a asibiti, don yana sa ana yi wa mutane allurar da ba su buƙata. Gulukokinas ba a hanta kaɗai yake ba. Yana cikin ƙwayoyin fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi) masu fitar da insulin, kuma a can shi ne ma'aunin da jiki ke gane suga ya hau da shi. Franz Matschinsky ya nuna kasancewarsa a can tun 1968. A mai lafiya, insulin na fara fita idan suga ya wuce wajen 5. Idan mutum ya gaji kwafi ɗaya mai rauni na ƙwayar gadon wannan enzayim daga uwa ko uba, sai ma'aunin ya matsa zuwa wajen 7. Jikinsa na tsare suga da kyau, amma a kan lamba mafi tsayi, tun daga haihuwa har tsufa. A 1992 aka tabbatar da haka a Faransa da Ingila, ana kiransa MODY 2 ko GCK-MODY, kuma kiyasin da aka yi a Turai ya kai kusan mutum 1 cikin 1,000.

Kamanninsa a takarda: sugan safe tsakanin 5.5 da 8.0, shekara da shekaru bai gusa ba. HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan wata 2 zuwa 3, tsakanin 5.8 da 7.6 cikin ɗari. Idan an ba shi ruwan gulukos giram 75, tashin da zai yi bayan awa 2 yawanci bai kai 3 mmol/L a kan na safe ba. Ba ƙishirwa, ba yawan fitsari, ba rama. Idan aka auna iyaye, sai a tarar ɗayansu na da irin lambar, sau da yawa bai ma sani ba. Waɗannan mutane ƙwayar metformin ko allurar insulin ba sa sauya musu HbA1c, domin jiki na mayar da sugan inda ma'auninsa yake, kuma lalacewar ido da ƙoda mai tsanani ba kasafai take samunsu ba. In ba lokacin ciki ba, ba sa buƙatar magani.

Famasis Kabiru: Dakta, ranki ya daɗe, ban musa ilimin ba, amma ina tsoron wannan magana a garin nan. A Kaduna matsalarmu ba yawan magani ba ce, ƙarancinsa ne. Mutum na neman dalilin da zai ajiye ƙwaya saboda tsada. Ya ji an ce akwai sugan gado da ba ya buƙatar magani, gobe duk wanda babansa ke da suga daga Rigasa har Kawo zai ce nasa ke nan. Kuma nau'i na 2 ma ai gado ne, sannan a nan muna ganinsa a jikin marasa ƙiba da yawa. Rashin ƙiba ba hujja ba ce.

Dakta Bilkisu: Tsoronka a kan hanya yake Malam Kabiru, kuma ban ce kowa ya ajiye ƙwaya ba. Amma ka dubi ɗaya gefen. Yarinya 'yar shekara 12 a auna ta saboda zazzaɓi a ga 6.9, a maimaita a ga 7.1, a ce nau'i na 1 ne a ɗora ta kan allura sau 2 ko 4 a yini. Iyaye su shiga sayen insulin da neman inda za su sanyaya shi ga rashin wuta, ita kuma ta riƙa faɗuwar suga a makaranta. Wannan ma cuta ce. Abin da ke raba su a bayyane yake. Nau'i na 2 hawa yake yi da shekaru, sugan bayan abinci na wuce 11, sau da yawa ga hawan jini, ga baƙin wuya, ga tumbi. Nau'i na 1 na zuwa da rama da kitons (sinadaran da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse) a fitsari, idan aka tsayar da allura yaro na iya mutuwa cikin kwanaki. Na gulukokinas a tsaye yake cak. Duk wanda sugan safensa ya taɓa kai 10, ko HbA1c ya haura 8, a cire shi daga wannan lissafi.

Kuma akwai wani MODY ɗin, wato sugan gado, na ƙwayar gadon HNF1A, da shi ma ke bin gida gida amma yana tsananta yana lalata ido da ƙoda, shi kuwa ƙaramin kason ƙwayar gliclazide ke yi masa aiki sosai. Don haka kalmar "na gado ne" ba ta isa hukunci ba. Tabbaci sai da gwajin ƙwayar gado, kuma jami'ar Exeter a Ingila na da ma'aunin lissafi a intanet da likita zai cika ya ga ko zargin ya kai a nemi gwajin. Rage magani, in za a yi, likita ne zai yi shi a hankali yana aunawa, ba majinyaci a gida ba. Yaron da ke kan insulin kuwa ba a taɓa allurarsa sai an auna C-peptide, wanda ke fita tare da insulin ɗin da jiki ya ƙera, an ga jikinsa na fitar da nasa.

Famasis Kabiru: In dai da wannan sharaɗin ne, na yarda. Amma a riƙa faɗin sharaɗin kafin a faɗi albishir ɗin.

Malam Iliya: Dakta, duk lambobin nan da kika jero sun dogara ne da yadda aka ɗebi jinin, kuma tazarar da ke tsakanin 6.5 da 7.0, lambar safe da ake tabbatar da ciwon suga da ita, ƙarama ce ƙwarai. Jini a cikin kwalba bai mutu ba. Jajayen ƙwayoyi da farare na ci gaba da cin gulukos, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, kuma zafin watan Maris da Afrilu na ƙara musu sauri. Jinin da ke da 7.4 idan ya zauna awa 2 kan tebur ba a raba shi ba, zai iya komawa wajen 6.5. An mai da mai ciwon suga mai "gab da kamuwa" ke nan. Kwalbar da aka sa wa sinadarin fuloraid tana taimakawa, amma mutane na mantawa cewa ba nan take take tsayar da cin ba, awa ta farko sugan na raguwa kusan kamar babu ita. Abin da ya dace: a juya jinin a injin a raba ruwansa cikin minti 30, in ba hali a tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara. Jinin da aka ɗeba a ƙaramin asibiti aka ba ɗan acaɓa ya kai cikin gari da rana tsaka, kada a yanke hukunci da shi.

Injin yatsa kuma an yarda masa kuskuren kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa. Wato 6.5 na iya zama 5.5 ko 7.5. Na bibiya ne, ba na tabbatar da cuta ba. A wanke hannu da ruwa a busar, musamman bayan taɓa dabino ko mangwaro, a rufe gwangwanin tsinken da zarar an ciro ɗaya, kada a bar shi cikin mota. Wanda injinsa ke nuna mg/dL ya raba da 18: 126 shi ne 7.0.

Sista Rahila: Malam Iliya, ka tuna mana ƙa'idar gwajin ruwan gulukos ɗin, ana yawan yi masa kwaskwarima.

Malam Iliya: Kwana 3 kafin gwaji mutum ya ci abincinsa yadda ya saba, aƙalla giram 150 na sitaci a cikin abincinsa a yini. Wanda ya ƙaurace wa tuwo don tsoron sakamako, hantarsa da fankiriyas sun yi sanyi, sai sakamakon ya fito sama da gaskiya. Ya kwana bai ci ba awa 8 zuwa 14, ruwa kawai. A ɗebi jinin farko, ya shanye giram 75 a ruwa mililita 250 zuwa 300 cikin minti 5, ya zauna, ba yawo ba taba, a sake ɗiba daidai awa 2. Ba a yi wa mai zazzaɓi. Sai HbA1c: mai sikila SS, wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, da wanda maleriya ta farfasa wa jini, sakamakonsu na fitowa ƙasa da gaskiya don ƙwayoyinsu ba sa daɗewa. Mai AS kuma ya danganta da irin injin, a tambayi ɗakin gwajin.

Dakta Bilkisu: Saura masu ciki, don a nan ne kaɗai GCK-MODY ke da wuyar sha'ani. Iyakar sugan safe ga mai ciki 5.1 ce, saboda haka duk mai wannan gado za ta faɗa cikin masu sugan ciki. Abin lura shi ne jaririn. Rabi da rabi ne: in ya gaji ma'aunin uwarsa, sugan nata daidai ne a wurinsa, zai girma lafiya, matsa mata da insulin na iya ma tsumburar da shi. In bai gada ba, zai ga sugan ya yi yawa, ya fitar da insulin da yawa, ya yi ƙiba har haihuwa ta yi wuya. Tunda ba a san wanne ba ne, ana bin sa da hoton ciki duk mako 2 daga wajen mako na 26, ana auna kewayen cikin jaririn. In ya haura layin kashi 75 na ma'aunin girma, wato ya fi na jarirai 75 cikin 100 na tsaransa, a fara insulin, kuma yawanci sai an ba da kaso mai yawa kafin sugan ya motsa.

Dakta Auwal: Yaya Bilkisu, ki ba ni dama in ƙara na yara, don auren zumunci ya sa abin ya shafe mu. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da kwafi mai rauni, kowane ciki na da kashi 1 cikin 4 na jariri ya gaji biyun. Shi ba shi da ma'aunin sam, ana haifarsa ƙarami, suga ya hau tun kwanakin farko, kuma insulin ne har abada. Duk jaririn da suga ya kama kafin wata 6, a yi tunanin ƙwayar gado.

Mai tsaron ƙofar fita ma yana da cutarsa, wadda von Gierke ya bayyana a 1929, Gerty da Carl Cori suka gano a 1952 cewa rashin gulukos-6-fosfatas ne. Hanta na tarawa ba ta iya saki. Yaro ɗan wata 3 zuwa 6 da ya fara dogon barci ba tsotso, sai a ga ciki ya yi tulu saboda girman hanta, kumatu cike, ƙafafu sirara, yana zufa ko jijjiga da asuba bayan awa 3 ko 4 ba abinci. Sau da yawa maleriya ko tamowa ake ta yi wa magani. A auna suga lokacin jijjigar, a duba laktet (tsamin da ke taruwa a jini), yurik asid da kitsen jini, duk za a same su sama. Allurar gulukagon, wadda aikinta sa hanta ta saki suga, ba ta ɗaga sugansu. Maganin shi ne kada a bar su da yunwa: ciyarwa a kai a kai dare da rana, sannan bayan wata 6 zuwa shekara a fara ɗanyen sitacin masara, kimanin giram 1.6 a kowane kilo duk awa 3 zuwa 4 ga ƙanana, manya kuma 1.7 zuwa 2.5 duk awa 4 zuwa 5. A dama da ruwan sanyi. In aka dafa ya zama kamar koko, amfanin ya tafi, don dafaffen sitaci nan da nan yake narkewa, ɗanyen ne ke sakin suga sannu a hankali. A rage musu sukari, zuma da madara, tunda fruktos da galaktos (sugan da ke cikin madara) ba sa iya fita a matsayin suga, laktet kawai suke ƙarawa.

Abin da muka fi gani kullum kuwa shi ne yaro mai maleriya mai tsanani wanda ajiyar hantarsa ta ƙare. Maganin maleriya kinin na ƙara tsananta faɗuwar don yana sa a fitar da insulin, ɗaya daga dalilan da allurar atesunet ta fi shi. In suga ya gaza 3, a ba da ruwan suga na dekstros mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo ta jijiya. In mai kashi 50 ne kawai a hannu, kashi 1 nasa a haɗa da kashi 4 na ruwan allura. In ba a samu jijiya ba, ƙaramin cokali na sukari da aka ɗan jiƙa a sa ƙarƙashin harshe kafin a samu. A sake aunawa bayan minti 30, yakan sake faɗuwa.

Famasis Kabiru: Wani zai tambaya, tunda gulukokinas ya yi rauni a nau'i na 2, me ya hana a yi ƙwayar da za ta zaburar da shi? An yi. Na farko farko sun sauke suga na 'yan watanni sannan ƙarfinsu ya dushe, ga faɗuwar suga, ga hawan kitsen jini, don abin da aka tura cikin hanta da ƙarfi kitse yake zama. Ƙasar Sin ta amince da ɗaya mai suna dorzagliatin a 2022. Mu a nan abin da ke hannunmu mai aiki kan hanta shi ne metformin, wanda ke rage ƙera sabon suga, shi ya sa ya fi tasiri kan lambar safe kuma shi kaɗai da wuya ya kayar da suga. Mai sugan safe da ya ƙi sauka, a duba ko yana shan na dare, da yawa na safe kawai suke sha.

Sista Rahila: To azumi fa? Nan da shi za a fi tambayarmu.

Dakta Bilkisu: Hantar babba mai lafiya na riƙe da giram 80 zuwa 100 na gilaikojin, azuminmu kuma awa 13 zuwa 14 ne, ga ƙera sabon suga da ke tallafawa, don haka tana kai shi magariba lafiya. Masu haɗari su ne wanda ciwon hanta nau'in B ya ƙanƙance wa hanta, don ajiyarsa kaɗan ce: bayan abinci suga ya yi sama, da la'asar ya faɗi. Sai mai shan glibenclamide, wanda ke tilasta fitar insulin, insulin kuma ya hana hanta saki. A sauya masa zuwa gliclazide makonni kafin azumi, babban kaso da shan ruwa, na sahur a rage. Mai metformin miligiram 500 sau 3 a yini ya sha ɗaya da sahur, biyu da buɗa baki. A jinkirta sahur, a auna da azahar da kuma la'asar, huda yatsa ba ya karya azumi. In ya ga ƙasa da 3.9, ko sama da 16.6, ko ya ji rawar jiki da zufa da ruɗewa, ya karya nan take ko da saura minti 10 a kira salla, ya rama daga baya.

Hajiya Maryam: Masu ƙanƙancewar hanta, ko ba azumi, a ba su abin ci kafin barci mai kimanin giram 50 na sitaci da ɗan furotin, kamar kofin kunun gyaɗa marar sukari da ƙosai biyu, kuma kada karin safe ya wuce ƙarfe 8.